Labarin ya fama mini ciwo, ga bikina ya matso

Assalamu alaikum Inna. Ina gaisuwa, ya gida, ya zafi? Ki yi haƙuri ban sa sunana ba. Ɗiyarki ce daga unguwar Zango a Damagaram, shekaruna 24, ina ɗinki a shagon yayata.

Wata biyu da suka wuce na biya dala ɗari ta kuɗin sefa aka saka ni cikin wani gurup na WhatsApp da ake turo littafin soyayya shafi-shafi. Na haɗo miki shi. Labarin wata yarinya ce da saurayinta na fari, tun suna lakwal suke tare, ya rasu ana saura kwana kaɗan ɗaurin aure. Ta yi kuka, ta kwanta jinya, daga baya wani mai kuɗi ya fito, ta tattara wasiƙun marigayin da hotunansa ta cinna musu wuta, ta yi aurenta har da tagwaye. Inna, rabin farko kamar da ni ake. Ƙarshen kuwa haushi ya ba ni, har na yi jifa da salula. Amma sau uku ke nan ina maimaita shi, na kasa gogewa. Ban san ko sonsa nake ko ƙinsa ba.

Ni ma na yi nawa saurayin na fari, shekara uku muna tare. A 2019, ina da shekara 18, ya tafi Libiya neman kuɗin aurenmu. Motarsu ta mutu cikin hamada bayan Agadas. Abokinsa da ya tsira shi ya binne shi, shi ya kawo labari. Ko gaisuwar iyaye ba a kai ba lokacin, don haka gidan makoki ma ban je ba, kunya ta hana. Kwana na uku Mama ta ce in share hawaye in ɗora tukunya, kada mutane su yi da mu. Har yau ina da saƙonnin muryarsa 14. Na ƙarshe daga tashar Agadas ya turo, yana cewa gobe za su tashi, kuɗin kiransa sun ƙare, innarsa kuma ba ta da babbar waya, in gaishe masa da ita in ce ya sauka lafiya. Ban taɓa faɗa mata ba.

Yanzu an sa ranata bayan Babbar Salla da wani malamin lakwal, mutumin kirki, ba wanda ya tilasta mini. Ina jin daɗinsa, amma ba irin son da na yi wa wancan ba. Tun da na karanta littafin nan nake mafarkin marigayin, ƙawata ta ce aljani ne, in je a yi mini ruƙiya. In na yi dariya da wannan sai in ga na ci amanar wancan, wanda saboda ni ya tafi. In na tuna wancan sai in ga ina cutar wannan. In ƙona ne kamar yadda ta ƙona? Ko in fasa auren?

* * *

Wa alaikumus salam ɗiyata.

Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan yaron nan, ya sa ƙishirwar da ya sha ta zama kaffara gare shi, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Ke kuma Allah ya sanyaya miki zuciya.

Da gaisuwar na fara don na bi wasiƙarki sau biyu ina neman inda wani ya taɓa yi miki ita, ban samu ba. Shekara shida! To ga tawa nan, ko da ta makara.

Littafin na karanta shi, dare biyu ya ci mini, har jikata tana tsokanata wai tsufa ya zo da gardama. Ni ba baƙuwar irinsa ba ce. A Kano aka fara wannan rubutu cikin shekarun 1980, mata ne kuma suka fi riƙe shi, kuma tun ƴan kasuwa na ɗauko mana su tare da atamfa muke karɓar haya a wajen kasuwar Dole muna tura wa ƙarƙashin filo in mun ji takun maigida. Takardar ce kawai ta koma salula.

Marubuciyar nan ta san so, wannan kam ba gardama. Wurin da yaron ke tsayawa daidai ƙofar gidansu yarinyar yana gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta, wanda bai taɓa zuwa zance ko a zo masa ba, ba zai ƙago shi ba. Mutuwar ma ta iya ta. Amma daga sadakar arba'in sai alƙalaminta ya fara gudu kamar ɗan kabu-kabun da ya hango hadari. Na ƙirga: shafi 58 ana soyayya, 9 ana makoki, sauran duka na mai kuɗin ne da motocinsa da akwatunan lefensa. Kin fi ni sanin dalili, tunda kina cikin gurup ɗin. Kullum ana jiran shafi, masu karatu sun biya kuɗinsu, in aka kwana uku ana kuka sai ƙorafi ya tashi: a fito da baiwar Allah daga ƙunci, a kawo mata miji. Mai rubutu kuwa da wannan take cefane. Ashana ce hanya mafi kusa: shafi guda, toka, an wuce wurin. Saboda haka in kin ji ranki ya rabu biyu, littafin ne rabe biyu. Rabin farko daga zuciya aka rubuta shi, rabin ƙarshe kasuwa ce ta yi odarsa.

Ina da zato kan wurin da kike komawa sau uku. Shafukan nan tara ne. Can ne mata suka cika ɗakin yarinyar, wata ta riƙe mata kai, wata ta dama mata kunu ta matsa mata sai ta sha. Can ne uwar marigayin ta jawo ta jikinta ta kira ta matar ɗana. Abin da ba a yi miki ba ke nan, sai kike zuwa kina leƙen na wata ta taga.

A wurinmu baƙin cikin mutuwa rabonsa ake yi kamar gado. Uwa da uba ana shimfiɗa musu tabarma kwana uku jama'a na zuwa. Matar aure tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, Alƙur'ani da kansa ya yanka mata a Suratul Baƙara. Dangi suna da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a daka gumba a raba. Abokai ma suna da nasu kason, su zauna a fada kan shayi su yi ta tuna shi har dare. Budurwar da ba a kai wa iyayenta ko goron gaisuwa ba, ita ba ta cikin magada. In ta yi kuka da ƙarfi a ce me ke tsakaninsu, in ta yi shiru a ce ai dama yarinta ce, ta manta.

Ga shi kuma ba kabari. Wanda aka kai maƙabarta a nan gari, ko mace ba ta bi ba, ta ga fitar makara, ta san gefen garin da yake kwance. Naki yana can arewa da Agadas, inda abokinsa kaɗai ya sani, shi ma wataƙila iska ta shafe masa alamar. Shekarar da ya tafi kuwa mugun lokaci ne ga matafiya. Dokar Nijar ta 2015 da ta haramta safarar baƙin haure tana ci a lokacin, sai a Nuwamban 2023 aka soke ta, direbobi da yawa suna kauce wa hanyar da aka sani mai rijiyoyi da sojoji don gudun kamu. Motar da ta mutu a irin wannan ratse, ba mai biyo bayanta. Tun kafin dokar ma, a Oktoban 2013, gawa 92 aka tsinta cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawanci mata da yara, da yawansu kuwa ƴan nan Kance ne. Ƙasar Damagaram cike take da gidajen da suka yi makoki ba su ga gawa ba, kuma duk wanda ya zauna da su ya san irin wannan ciwo ya fi jinkirin rufewa, don ido bai gani ba balle ya gaya wa zuciya ta haƙura.

To kin ga, littafin nan shi ya fara yi miki gaisuwar mutuwa, shi ya sa kika kasa goge shi. Sai kuma ya tashi ya yi miki abin da aka yi miki a gida. Ashanar nan da yarinyar ta ƙyasta, muryar Mama kika ji a ciki: share hawaye, ɗora tukunya. Dole ki yi jifa da salula.

Sai dai kada ki riƙe Mama a rai. Tana zaune ne a garin da kukan budurwa kan saurayi ke iya zama abin da za a tono ranar da wani ya zo neman aurenta. Sunanki ta tsare ta yadda ta iya. Tsaron ne ya yi tsada, ke kuma kika biya.

Yanzu maganar da kika cusa a tsakiyar jimla kamar ba ita ce babba ba: "wanda saboda ni ya tafi." Nan ƙayar take, ɗiyata.

Shekarunki 18 a lokacin. Ba ke kika yanka sadaki ba, ba ke kika ƙirƙiro akwatin lefe ba, ba ke kika hana samarin garin nan aikin yi ba. Tun ba a haife ki ba mazan ƙasar nan ke tafiya ci-rani, Kano, Legas, Abijan, Libiya, mai aure na tafiya, gwauro na tafiya. Abokin da suka hau mota ɗaya, shi saboda wa ya tafi? Yaron nan namiji ne da ya yi shawara da kansa, ya nemi halal ta hanyar da ya gani, ajalinsa kuma yana can yana jiransa. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta gama magana: ba ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Manzon Allah (SAW) kuma ya hana mu cewa da na yi kaza da kaza bai faru ba, ya ce wannan "da" ɗin aikin Shaiɗan take buɗe wa ƙofa. Ya so ki har ya ɗauki jaka ya shiga duniya. Kyauta ce ya ba ki, kada ki mayar da ita bashi ki yi ta biya da ranki.

Za ki ji masu cewa ai kwana uku addini ya ba da. Gaskiya ne hadisi ya hana mace zaman makoki fiye da kwana uku ga wanda ba mijinta ba. Amma abin da aka yanka wa kwanaki shi ne barin ado da ƙamshi da zama irin na mai takaba. Zuciya ba a sa mata rana ba. Annabi Yaƙub kukan Yusufu ya yi har idanunsa suka yi fari. Nana Khadija kuwa ta rasu wajen shekara uku kafin hijira, amma shekaru bayan haka, a Madina, Manzo in ya yi yanka sai ya ce a kai wa ƙawayen Khadija. Ranar da ƴar'uwarta Hala ta yi sallama a ƙofa, ya ji irin sallamar Khadija, sai da abin ya motsa shi. Bai ƙona komai ba, kuma ba wanda ya isa ya ce ya rage Nana A'isha da wani abu na so. Na san wani zai ce ai Khadija mata ce, naki saurayi ne. Haka ne, shi ya sa ba ki da takaba ba ki da gado. Abin da nake nuna miki kawai, zuciya ɗaya tana ɗaukar tuna mamaci da son mai rai, ba a kira shi cin amana ta kowane gefe ba.

Ummu Salama ma ta yi irin tambayarki. Da mijinta Abu Salama ya rasu, ta tuna addu'ar da aka koya musu, cewa Allah ka ba ni lada cikin musibata, ka musanya mini da abin da ya fi. Sai ta ce, wa ya fi Abu Salama? Duk da haka ta yi addu'ar, zuciyarta na gardama bakinta na faɗa. Wanda ya aure ta daga baya kin san shi. Ki riƙe addu'ar nan ko da ranki bai gama yarda ba.

Mu koma kan malamin naki. Kin ce son da kike masa ba irin wancan ba ne. Ba zai zama irinsa ba, kada ma ki zauna jira. Wancan kin san shi ne a tsaye a ƙofar gida bayan isha'i, ya yi wanka, ya sa turare, awa guda ya tafi. Ba ki taɓa ganin fuskarsa ranar da kuɗin cefane suka gaza ba. Ba ku taɓa tashi ƙarfe uku na dare cikin watan Afrilu kuna jiran pampo ya kawo ruwa, ya ƙi, ɗan garuwa ya ninka kuɗin jarka, kowa ya huce kan ɗan'uwansa ba. Wanda ba ku ci ranin Damagaram tare a ɗaki ɗaya ba, ba ki san fushinsa ba. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, ku kuwa ba ku zauna ba. Mamaci kullum ƙara kyau yake, yana nan saurayi har abada, malam kuwa a gabanki zai yi furfura da tumbi da minshari. In kika ɗora su a sikeli ɗaya kin zalunci mai rai.

Nan ma littafin ya yi muku wayo. Ya sa na biyun ya fi na farkon kuɗi da kyau da komai, don kada yarinyar ta sha wahalar da kike sha yanzu. An biya ta diyya da motoci. Ke naki malamin lakwal ne mai jiran ƙarshen wata, ba abin da zai rufe miki ido da shi sai halinsa, kuma ni a ganina gara haka, don kina ganinsa sarai.

Kada ki fasa aure saboda littafi. Tambaya ɗaya za ki yi wa kanki, bayan kin yi istihara, da rana tsaka, salula na nesa da ke: da a ce ba a taɓa yin marigayin a duniya ba, malamin nan ya zo, za ki karɓe shi? In amsar e ce, to ki ci gaba da shirin bikinki. In kuwa akwai wani abu a halinsa shi kansa da ranki bai kwanta da shi ba, kina fakewa da mamaci don ba ki son faɗa, ki gaya wa Mama yanzu, tun ba a raba goro ba.

Kuma ki gaya masa. Daga Birni zuwa Zango zuwa Sabon Gari, wa ya taɓa ɓoye saurayin shekara uku? Ko dai ya riga ya sani yana jiran ya ji daga bakinki, ko wata ta kai masa da ƙari. Sau ɗaya, a gajarce: akwai wanda ya so ni da aure, ya rasu a hanyar Libiya, ina yi masa addu'a, na ga bai kamata ka ji a waje ba. Ya isa. Ba sai kin ba shi labarin kalaman da aka riƙa gaya miki ba, kuma kada ki mai da shi abin hira bayan kin tare. Nana A'isha da bakinta ta ce ba ta taɓa kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Khadija ba, alhali ko ganinta ba ta taɓa yi ba. In ita ta ji, malamin lakwal ma zai ji. Yadda ya karɓi maganar kuwa zai nuna miki wani abu game da shi da hirar wata shida ba ta nuna ba.

Batun mafarki, ki gaishe mini da ƙawarki. Kin karanta mutuwar saurayi sau uku, kin kwanta da muryar naki a kunne, me za ki gani a barci, raƙumi? Ki yi addu'ar kwanciya, in kin farka ki nema masa gafara. Kada ki kwashi kuɗin ɗinkinki ki kai wa mai fitar da aljanin da babu shi. Akwai dai iyakar da nake so ki sani. Tun 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa baƙin cikin rashi mai tsawo cikin ciwon da ake jinya: wanda ya haura wata shida, ya zarce abin da al'adar mutum ta saba, yana cinsa har ya hana shi aiki da shiga mutane. Ke kina ɗinki, kina dariya, har kin saurari wani, don haka ban ga wannan a wasiƙarki ba. Amma in barci ya ƙaurace miki, abinci ya ƙi shiga, ko kika fara jin gara ki bi shi, ranar nan ki gaya wa yayarki ku tafi likita, ku ce masu kula da damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa kuke nema.

In kuma hannunki na ƙaiƙayin yi masa wani abu, ga shi a sauƙaƙe. Sa'adu bin Ubada ya tambayi Manzo wace sadaka ce ta fi, mahaifiyarsa ta rasu, aka ce masa shayar da ruwa. Yaron da ƙishirwa ta ɗauka, ke kuma a garin da ruwa ke da daraja irin namu, ba sai an yi dogon tunani ba. Ki sa randa a ƙofar shago, ki riƙa cika ta. Ba sai kowa ya san don wa ba.

Saƙonni 14 kuma, bari in ba ki labarin wata gwaggona da ta rasu a Miriya. Shekara arba'in da wani abu ta yi da mijinta, ƴaƴa tara, ba a taɓa jin kansu ba. Ranar da muke fito da kayanta muka tarar da wata tsohuwar hula a ƙasan kwalla, naɗe cikin ƙyalle, kuma ba ta mijinta ba ce. Tsofaffin da ke wurin suka dubi juna, ɗaya ta ce Allah ya jiƙan wane, aka mayar aka rufe. Ni abin da na lura da shi, a ƙasan kwalla take, ba a ƙarƙashin filo ba.

Don haka ba zan ce ki goge ba, abin da aka goge cikin tsoro nadamarsa ake yi. Amma ba za su bi ki ɗakin miji cikin salular da ke kwana kusa da kanki ba. Ki sa a kwashe miki su a ɗan memori, ki ba yayarki ta ajiye, ki share na cikin wayar. Murya ta fi hula haɗari. Hula tana tsufa, tana koɗewa, murya kuwa duk ranar da aka kunna ta sabuwa ce, kamar yanzu ya gama magana. Ranar da kuka yi saɓanin farko da malam, kuma za ku yi, hannunki da kansa zai nemi muryar da ba ta taɓa ɗaga miki harshe ba. Ba mijin da zai iya takara da wannan. Littafin ma ki bar shi ya huta, ki fita daga gurup ɗin har bayan biki. Ya yi aikinsa.

Saura guda, na ƙarshen. Wannan ba naki ba ne ke kaɗai, aike ne. Yaro ya ce ki gaishe masa da innarsa, ki ce ya sauka Agadas lafiya, shekara shida aiken na hannunki. Ina zaton rabin nauyin da kike kira cin amana daga nan yake, don ita ce kaɗai amanar da ya bar miki da bakinsa. Bai ce kada ki yi aure ba. Bai ce kada ki yi dariya ba. Cewa ya yi ki gaida innarsa.

Ki fara da Mama. Ki same ta ita kaɗai ki ce akwai saƙon mamaci a wuyanki, kina son ki sauke kafin ki bar gida. Da wuya uwa ta hana wannan, kuma kada ki yi mamaki in kika ga ita ma abin ya daɗe yana damunta. Ku tafi da yayarki ko gwaggonki, bayan la'asar, kafin Salla, tun kina ɗiyar gidanku. Bayan ɗaurin aure sai da izinin wani, zancen kuma zai canza kama. Ki riƙe abin da ya sawwaƙa, goro, sukari, sabulu, ko atamfar da kika ɗinka mata da hannunki. Ki durƙusa ki ce Inna ya haƙuri. Ki ce kin makara, kunya ce da yarinta. Sannan ki isar da saƙon yadda ya faɗa, ki tambaye ta ko tana son ji da kunnenta. Kada ki kunna sai ta ce. Wata uwar za ta so, wata ba za ta iya ba, wata sai bayan kwana biyu ta aiko a kira ki. In ta so, ki tura wa ɗaya daga cikin ƴaƴanta ya ajiye mata.

Mai yiwuwa ta jawo ki jikinta kamar ta cikin littafin. Mai yiwuwa kuma ta amsa a daƙile ta kau da kai, don ganinki zai tuna mata dalilin tafiyar. Duk wanda ta yi ki ɗauka, kada ki kare kanki, kada ki daɗe. Kafin ki tashi ki gaya mata an sa ranarki, da bakinki, kada ta tsinta a wurin maƙwabta, ki roƙe ta ta sa miki albarka.

In kuka ya zo miki a gabanta, ki bar shi ya zo. A gidan nan ba wanda zai ce ki tashi ki ɗora tukunya.